Layi Sha Shida a Rumbun Kawu Harisu

Ƙanena Ikrima ya gama difloma, ya dawo gida Daura da takarda a jaka da sarƙar ƙarfe a wuya, ya sanar da mu cewa daga ranar sunansa Kiri Boy. Iya ta ce ita dai da sunan Ikrima aka yanka masa rago, in yana son wani sunan ya sayo nasa ragon. Ni kuwa ɗinkin mutane ya sha mini kai. Waƙa yake yi, irin wadda suke kira rap, gidajen rediyo kuma su ce gambarar zamani: a saki kiɗa, mutum ya yi ta zuba magana a kai ba ko numfashi. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya jera kalma. Abin da ke ba ni haushi da shi, duk abin da bai gani a cikin waya ba, a wurinsa ƙauyanci ne.

Shekara biyu yana cika mana gida da ihu ba wanda ya san da shi, sai ga dama ta zo. Wani mai haɗa kiɗa a Kano, Abdulmuhaimin, yana shirya waƙa da mawaƙa uku. Biyu sun riga sun shiga, saura gurbi ɗaya, layi goma sha shida. Ya ci karo da wani abu na Ikrima a waya, ya turo masa kiɗan, ya ce ya ɗauki muryarsa a kai ya aiko. Ikrima ya ɗauka a ɗakinsa ya aika, aka dawo masa da ita. Ya sake, aka sake dawowa da ita. Karo na biyun saƙon murya ne, kuma na ji da kunnena, don Ikrima ba ya sauraron komai sai ya ƙure ƙara.

"Ɗan'uwa, baitin ya yi," in ji Abdulmuhaimin, "amma muryar kamar a banɗaki ka ɗauka. Amsa-kuwwa ta cika ta, ga wani inji yana gurnani a baya. Wannan ba ta wankuwa. Ranar Juma'a zan rufe aikin. In ba ka turo mai tsabta ba, akwai wani Anwar a Katsina yana jira."

Ranar Asabar ke nan. Akwai wani ɗan situdiyo a kusa da tasha inda ake buga waƙoƙin biki, amma Ikrima ba shi da abin biya, kuma ko da yana da shi, ya taɓa yi wa mai wurin habaici a waƙa har mutumin ya ji. Zuwa Kano kuwa ba ma a maganarsa. Abin da ya mallaka a duniya shi ne makirfo ɗan gwanjo, da tsohuwar kwamfutar cinya, da ɗakin siminti mai rufin kwano wanda ko tari ka yi a ciki sai ya maimaita maka.

Sai ya shiga waya neman magani. Ranar Lahadi ya shigo da kiret-kiret na ƙwai a ka, waɗanda ya roƙo wurin Kalilu mai shayi, wai wani bature ya ce in an manna su a bango suna shanye sauti. Ya ɗebe mini sitaci rabin roba bai tambaye ni ba, ya dama, ya bi bango huɗu ya liƙe. Ana tsakiyar bazara. Kafin la'asar ɗakin ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai, kafin Litinin kyankyasan unguwa kaf sun ji labarin sitaci sun taru. Ya gwada ɗauka, amsa-kuwwar tana nan daram, ko gezau ba ta yi ba.

"Baturen naka bai faɗa maka a wanke kiret ɗin ba?" na ce.

"Yaya Murja, don Allah ki tsaya a ɗinkinki. Wannan ilimin sauti ne."

Na tsaya a ɗinkina, sai ya fito ya ce ƙarar keken ɗinkina tana shiga masa makirfo. Na tsayar da keken. Sai injin markaɗen maƙwabciyarmu Talatu ya tashi, shi kuwa ba ya tsayawa don Kiri Boy. Da injin ya huta, rana ta take, kwanon rufi ya fara ƙas-ƙas. Da kwano ya lafa, 'yan acaɓa. Da yamma kuma janareto ya tashi gida-gida, ga Iya ta kafa doka ba mai yi mata ihu bayan isha'i.

Abu ɗaya ne ya yi aiki a makon nan, kuma ni na nuna masa. Duk sanda ya furta "ba" ko "fa" sai iskar bakinsa ta daki makirfo ta yi bum. Na ɗauko tsohuwar rariyar tankaɗen Iya, na yafa mata siririn gyale, na ce ya sa tsakaninsa da makirfo. Bum ɗin ya ɓace. Bai ce na gode ba, cewa ya yi dama ya taɓa ganin irin haka a waya.

Ranar Talata ya sauke wata manhaja mai goge hayaniya. Ta goge injin Talatu, ta haɗa da rabin muryarsa, abin da ya rage kamar mutum yana magana ta cikin tiyo. Ranar Laraba da hantsi ya shiga ƙarƙashin bargon Iya da makirfo da komai, a watan da ko kare ba ya kwanciya a rana. Minti biyar ya fito yana haki, ido ya juye, ya zauna a bakin ƙofa ya haɗa kai da gwiwa. Saura kwana biyu. Na dube shi, na ga da gaske abin ya dame shi, sai bakina ya suɓuce.

Na ba shi labarin lokacin da nake 'yar shekara tara, aka kai ni hutu gidan Kawu Harisu, yayan Iya, a wani ƙauye bayan Zango. Wata rana aka zura ni cikin rumbu in miƙo dami. Na ji tsoro na ƙwala ihu, ihun ya mutu a bakina. Ga mutane a tsakar gida, ba wanda ya ji, ni kaina da ƙyar na ji kaina. Ban taɓa shiga wuri mai cinye murya irin wannan ba.

Ya ɗago kai ya dube ni. Sai ya fashe da dariya.

"Rumbu? Haba Yaya Murja. Ana maganar sauti kina maganar tuwo."

Na ce Allah ya ba da sa'a, na koma kan keke. Bayan magariba sai ga shi ya tsaya a ƙofar ɗakina yana sosa ƙeya, yana kallon silin.

"Wai rumbun nan na ƙasa ne ko na kara?"

Ranar Alhamis da safe muka hau motar Zango, daga can muka hau babur. Iya ce ta ce in raka shi, don shekara shida rabonsa da gidan Kawu, hanyar ma bai sani ba balle gaisuwa. Ai kuwa ba ta yi ƙarya ba. Muka tarar da Kawu a zaure yana gyaran igiya, na durƙusa, shi kuwa gogan ya tsaya ƙiƙam ya miƙa hannu, tabarau a ido. Kawu ya dubi hannun, ya karɓa, ya tambayi Iya da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da na yi masa bayanin abin da ya kawo mu, bai yi dariya ba. Cewa ya yi shi bai san waƙa ba, amma in ɗan ƙanwarsa na neman wuri, ga wuri.

Rumbun yana bayan gida, na ƙasa, a ɗore kan duwatsu, ya fi tsayin mutum biyu. Ba shi da ƙofa. Ta sama ake shiga, a kafa tsani a ɗage jinkar da ta rufe bakin. An ci gero ya yi rabi, sauran dammunan suna jere a jikin bango sun kewaye, tsakiya ya zama rami daidai tsayuwar mutum ɗaya. Kawu ya shiga da kansa ya shimfiɗa buhu a ramin, ya gitta sanda a baki don a rataya makirfo. Da ya fito ya tsaya gaban Ikrima.

"To ɗan nan, ka ji. Ka sa riga mai dogon hannu, ga rawanina ka naɗe wuyanka. In ka sauka ka tsaya a kan buhun nan, nan kaɗai. Kada ka taka dami, kada ka bubbuge shi. Geron nan tun kaka yake kwance, ƙaiƙayinsa ma a kwance yake. Kada ka tashe shi."

"Ba damuwa, Kawu," in ji Ikrima, yana duba waya.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da masussuka ya san ƙaiƙayi, wannan laushin gashin da ke jikin zangarniya, wanda in ya hau fata da gumi sai mutum ya gwammace duka. Ikrima a birni ya tashi, gero a kwano ya san shi, an dama. Na sake maimaita masa maganar Kawu, ya ce ya ji, shi ba yaro ba ne.

Ɗawainiyar da gidan nan suka yi masa, har yau in na tuna yadda ya yi wasa da ita sai raina ya ɓaci. Inna Yelwa, matar Kawu, ta ajiye taɓarya da dakanta bai ƙare ba, ta aika maƙwabta su ma su dakata. Aka kora awaki bayan gari. Aka kife zakara da kwando. Bayan azahar gida ya yi tsit, mutum goma sha wani abu suna zaune a inuwa suna magana da hannu, saboda wani ɗan birni zai yi abin da ba su ma san mene ne ba. Ya sauka da kwamfutarsa da rariyar Iya, aka mayar da jinka aka bar 'yar kafa don iska. Kawu ya koma zaure. Ni na zauna a saman tsani ina leƙe ta kafar.

Ya sa abin ji a kunne, ya tsaya a kan buhu yadda aka ce, rawani a wuya, ya karanto layi sha shidan nan daga farko har ƙarshe bai motsa ba. Ya mayar ya saurara. Na ga ya buɗe baki.

"Yaya Murja," ya ce a hankali, "zo ki ji."

Ya miƙo mini abin jin. Wallahi kamar bakinsa a cikin kunnena yake. Babu amsa-kuwwa, babu inji, babu komai sai shi, har motsin harshensa ana ji. A karon farko na fahimci abin da yake faɗa a waƙar, kuma ta yi daɗi. Na ji alfahari, ba zan ɓoye ba.

"To alhamdu lillahi," na ce. "Fito mu tafi, a bar Inna ta ƙarasa dakanta."

"Wannan ai gwaji ne. Babu wuta a ciki."

"Wace irin wuta? Ba tsabta aka ce maka ba?"

"Kiri Boy ba ya waƙa a sandare kamar mai karanta labarai. Kuma sai an yi bidiyo, mutane su ga inda abin ya fito."

"Ikrima, ka ajiye wannan ɗin tukuna."

"Ki bari kawai ki ga aiki."

A gabana ya goge shi, ya shirya ɗaukar wani a gurbinsa. Ya warware rawanin Kawu ya jefar. Ya tuɓe riga, don a bidiyo dole a ga sarƙa da ƙirji, ƙirjin da ƙasusuwansa ke ƙirguwa daga saman tsani. Ya soke wayarsa a cikin dami tana kallonsa. Ya saki kiɗa. Ya fara tsalle.

Layi na ɗaya ya sauka daga kan buhu. Layi na biyu ya hau dami da ƙafa biyu. Duk inda magana ta yi zafi sai ya kai wa bangon gero naushi. Ina kallo ta hasken da ke shiga ta kafar, wani farin abu ya tashi ya cika rumbun yana yawo a hankali, shi kuwa baki a wangale yana zuƙar iska da dukkan ƙarfinsa, gumi na zuba. Na ce masa ya tsaya, abin ji na kunnensa, bai san ina yi ba. A layi na takwas tarin farko ya zo. Ya dawo farko, ya kai na biyar, tari. Ya soshi wuya. Ya dawo farko, ya kai na uku, ya soshi baya, ya soshi ciki, ya manta da makirfo ya sa hannu biyu. Daga nan babu sauran waƙa.

"Kawu! Kawu! Wayyo Allah, a fitar da ni! Kawu!"

Ba wanda ya ji shi sai ni, don rumbun bai fasa aikinsa ba. Zan faɗi gaskiya ko da za a zage ni: ban sauka nan take ba. Na ɗan zauna a kan tsanin nan ina kallon Kiri Boy yana rawar da bai shirya ba, yana kiran ƙauyen da ya raina da sunan Allah da Annabi. Da na ga tarin ya fara sarƙe shi, sai tsoro ya kama ni, na diro na kira Kawu.

Da igiya aka jawo shi. Jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu tun daga wuya har ƙugu, ido jawur, majina da hawaye sun haɗe. Inna Yelwa ta ɗora ruwan ɗumi, aka yi masa wanka kamar jariri, aka shafe shi da man shanu, ana buge masa hannu kada ya sosa. Kawu ya leƙa rumbunsa ya daɗe yana kallon zangarniyar da aka karairaya, da ƙwayar da ta zube. Ya sauko, ya ɗauki rawaninsa ya kakkaɓe nesa da mutane.

"Na ce kada ka tashe shi," ya ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya je ya buɗe wa zakara kwando.

Fata da sauƙi. Maƙogwaro ne ya tafi. Kafin la'asar Ikrima in ya buɗe baki sai iska ta fito. An ba shi zuma, an dafa citta da kanumfari, an kawo ruwan kanwa ya kurkure. Kawu ma ya ce in yana so ya sake shiga da safe, rumbu na nan. To da wace muryar? Muka kwana, muka kamo hanyar Daura da sassafe ranar Juma'a, yana rungume da kwamfuta a mota yana tone-tone ko zai ga wancan na farkon. Ya riga ya ɗora wani a kansa, ya tafi.

Abin da ya rage masa layi bakwai ne da tari. Shi ya aika, da dogon rubutu na magiya, a yanke tarin, a ƙara masa mako guda. Bayan an sauko daga masallaci amsa ta zo. Wannan karon bai ƙure ƙara ba, amma ina kusa.

"Ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Bakwai ba sha shida ba ne, kuma ba zan iya jiran mako ba. Anwar ya turo nasa cikakke tun jiya, na ba shi gurbin. Amma don Allah, wane situdiyo ne wannan? Shekara takwas ina aikin nan, ban taɓa karɓar murya mai tsabta haka daga waje ba. Tarin naka ma tas ya fito. Na Anwar akwai 'yar amsa-kuwwa, in zai samu wurin nan jibi Lahadi ya sake ɗauka, an gama. Ka haɗa shi da mai wurin, ka yi mini wannan."

Ikrima ya daɗe yana kallon wayar. Na san abin da yake so ya rubuta, kuma na san ba zai iya ba, don Abdulmuhaimin ne kaɗai mutumin Kano da ya san akwai shi a duniya. Kawu kuwa ba ya ɗaga lambar da bai sani ba, ƙauyen ma ba ya kwatantuwa a waya. Dole wani ya tari baƙo a Zango ya kai shi.

Ranar Lahadi Ikrima ya je tarbo Anwar, na bi su. Ba wanda ya aike ni, so nake in gani. Anwar ɗin wani siriri ne mai sanyin magana, ya zo da goro a leda. Ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa har ƙasa. Kawu ya faɗa masa abin da ya faɗa wa Ikrima, kalma ɗaya bai canza ba. Anwar ya ce to Baba, ya ɓalle maɓallin hannun rigarsa ya sake ɗaurewa, ya karɓi rawani ya naɗe wuya. Inna Yelwa ta ajiye taɓarya. Aka kife zakara.

Ƙasan wurin akwai yashi, tsanin yana ɗan zamewa. Kawu ya waiwayo.

"Ikrima, zo ka riƙe wa baƙo tsani."

Ya zo ya riƙe. Anwar ya hau, ya sauka ciki, aka mayar da jinka. Gida ya yi tsit.

Na zo ne in yi dariya, kuma na tanadi maganganu da zan yaɓa masa a hanyar komawa. Sai na ga Ikrima, hannu ɗaya a kan tsani, wuyansa duk sawun farce, ya matsa a hankali ya manna kunnensa a jikin rumbun. So yake ya ji abin da wani ke faɗa a kan kiɗan da ya haddace, a gurbin da yake nasa ranar Alhamis. Dariyar ta gagare ni. Ya ba ni tausayi, kuma na ji haushin kaina da ya ba ni.

Ya sauya kunne. Ya rufe ido. Ya daɗe a haka, sannan ya dube ni, leɓensa ya motsa, da ƙyar na tsinci abin da ya ce.

"Ba a jin komai."